Idan rediyo ko MP3 ya ƙi ɗaukar caji: abin da za ku duba kafin ku kashe kuɗi

A gidaje da yawa na waɗanda suka baro garuruwansu, ƙaramin rediyo mai cin katin memori yana cikin 'yan kayan da aka samu aka fito da su. Da shi ake jin labarin gida safe da yamma, da shi ake sauraron karatu da waƙoƙi. Wasu kuma a cikin katin nan muryoyin 'yan uwansu suke, waɗanda ba a san ranar sake haɗuwa da su ba. Ranar da ya ƙi ɗaukar caji gida kan yi shiru, sai a fara tunanin kuɗin gyara ko na sayen sabo, alhali ɗan abin da ke hannu na cefane ne.

Wannan bayani naku ne duka, ko kuna matsugunin Tarikom da ke gundumar Bawku ta Yamma, ko kun sauka wurin dangi a Bawku, Karaga, Yendi ko Salaga. Abin da muke so ku riƙe shi ne, sau da yawa rediyon lafiyarsa lau. Igiyar caja ce ta katse daga ciki, ko ƙura ta toshe bakin caji, ko wutar da ake ba shi ba ta isa ba. Idan kuka bi abin daki-daki, kuka fara da mafi sauƙi, za ku gane inda matsalar take ba tare da kun biya kowa ba. Duk abin da za mu faɗa game da rediyo ya shafi MP3, da ƙaramar lasifika mai caji, da tocila, da wayar hannu, domin batirinsu iri ɗaya ne.

Hanyar da wuta ke bi

Kafin wuta ta shiga batir tana bi ta wurare biyar. Na farko shi ne inda take fitowa, wato soket na bango, ko farantin sola, ko fitilar sola, ko fawa bank, ko janareta. Na biyu kan caja, wanda ake cusawa a soket. Na uku igiyar caja. Na huɗu bakin caji, wato ɗan ramin da ke jikin rediyo inda igiya ke shiga. Na biyar batir.

Ku ɗauka kamar ana cika randa ne daga famfo da tiyo. Idan randa ba ta cika ba, mai hankali ba zai fara da fasa ta ba. Zai duba ko famfo na kawo ruwa, ko tiyo ya huje, ko wani abu ya toshe bakinsa. Batir shi ne randar, kuma shi ya kamata a zarga a ƙarshe.

Abin da aka rubuta a jikin caja

A jikin kowane kan caja akwai ƙananan rubutu. Idan ido bai gani sosai, a ba yaron da ke zuwa makaranta ya karanta. Wuri biyu za a nema.

Inda aka rubuta Input yana nuna wutar da cajar ke iya karɓa daga bango. Yawanci za ku ga 100-240V. Wutar gida a Ghana 230V ce, ta Burkina Faso 220V, saboda haka cajar da kuka zo da ita za ta yi aiki a nan.

Inda aka rubuta Output yana nuna wutar da take ba rediyo. Harafin V ƙarfin wutar ne, harafin A kuma yawanta. Duk abin da ake caji da igiyar USB ta yau da kullum 5V yake so. Idan kun ga 5V 1A ko 5V 2A, ta yi daidai. Caja mai 2A ba ta ƙona rediyon da 1A ke isarsa, domin rediyon abin da yake bukata kawai yake ja. Lambar da ke gaban V ce ke yin ɓarna. Wasu rediyoyin suna da baki zagayayye, kuma cajar dikoda ko ta talabijin ɗin sola mai 12V tana iya shiga cikinsa daidai. Shigarta ba ya nufin ta dace. Nan take za ta iya ƙona rediyon. Haka ma haɗa shi kai tsaye da batirin babur ko na mota, wanda shi ma 12V ne. In za a ɗebi wuta daga batirin babur, sai da 'yar na'urar da ke rage ta zuwa 5V, mai bakin USB.

A jikin batir kuma za ku ga lamba tare da mAh. Wannan girman randar ne. Batir mai faɗi da ake kira BL-5C, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, wanda ke cikin ƙananan rediyoyi da yawa, yana ɗaukar wajen 1,000. Dogon nan mai kama da gaɓar rake da ake kira 18650 yakan ɗauki ninki biyu ko uku na haka. Batir mai 1,000 kan cika cikin awa 2 zuwa 3 idan caja na da kyau. Idan naku ya nuna ya cika cikin minti 10, ko ya wuni a wuta bai cika ba, akwai abin dubawa.

Soket na Ghana da fulogin da kuka zo da shi

A Burkina Faso da Togo ana amfani da fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu, irin na Faransa. A Ghana soket mai baki uku masu kusurwa ne, irin na Ingila. Da yake Bawku na kusa da iyakokin ƙasashen biyu, iri biyun duka suna yawo a hannun jama'a.

Soket na Ghana yana da murfi daga ciki, wanda ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar sama ta shiga. Shi ya sa za ku ga wasu na cusa tsinke ko makulli a ramin sama don su tura caja mai ƙafa biyu. Ku bar wannan. Cajar ba ta zama daram, tana tartsatsi, soket ɗin ya yi zafi ya narke, sannan yaro da ya ga babba na cusa ƙarfe a soket zai kwaikwaya. A nemi adafta mai ƙafa uku, ana samunta a kasuwa da ɗan kuɗi.

Akwai kuma abin da ke ruɗa baƙi: yawancin soket a Ghana yana da makunni a jikinsa. Idan ba a danna shi ba, wuta ba ta fitowa ko da akwai ta a gidan.

Gwaji bi da bi

Ku riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda. In kuka canza igiya da kan caja da soket gaba ɗaya, ko ya yi aiki ba za ku san wanne ne ya lalace ba.

1. Ku tabbatar akwai wuta. A sa wani abin da aka san yana aiki a soket ɗin, kamar wayar maƙwabci. In fitilar sola ce ko fawa bank, a duba ko su ma suna da caji.

2. Ku ba shi lokaci. Batirin da ya ƙare ƙaf, ko aka ajiye shi makonni ba a taɓa ba, yakan yi kamar ya mutu. Ana fara ba shi wuta kaɗan-kaɗan ne har ya farfaɗo. A kashe rediyon, a sa shi a caji, a bar shi minti 30 kafin a yanke hukunci. A yawancin rediyoyi jar fitila na nuna ana caji, in ya cika ta koma kore ko ta mutu.

3. Ku canza igiya. Ita ce ta fi saurin lalacewa, kuma ita ce mafi araha. Siraran wayoyin da ke cikinta kan katse kusa da kai, inda ake yawan lanƙwasa ta, alhali daga waje ba a ganin komai. Alamarta ita ce caji na zuwa yana ɗaukewa idan an motsa ta. A ari igiyar da aka san tana aiki a gwada. Ku lura kuma baki iri-iri ne. Akwai ɗan ƙarami mai gefe ɗaya a faɗaɗe, wanda ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Akwai wani mai ɗan kauri na tsofaffin rediyoyi. Akwai sabon nan mai siffar ƙwayar wake da ake kira USB-C, wanda ke shiga ta kowace fuska. In bai shiga da sauƙi ba kada a matsa. Wasu rediyoyi masu araha masu bakin USB-C ba sa karɓar caji daga igiyar da kanta biyu duka ƙanana ne, sai wadda ɗaya kanta babba ne mai kusurwa huɗu. Wannan daga ƙirarsu ne, babu abin da ya lalace.

4. Ku duba bakin caji. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, ta haɗu da zaren aljihu ta daskare a cikin ramin, har kan igiya ya kasa kaiwa ƙarshe. A kashe rediyon, a cire batir in yana fita, a haska tocila a ciki. A sa tsinken sakace na itace ko busasshen buroshin haƙori a fito da dattin a hankali. Ban da allura, ban da reza, ban da ruwa ko mai. A tsakiyar ramin akwai ɗan harshe siriri, in ya karye sai mai gyara.

5. Ku canza kan caja. In yana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko yana ƙara kamar kukan sauro mai ƙarfi, ko yana warin ƙuna, ko ya tsage, a daina amfani da shi.

6. Ku tashe shi. Wani lokaci MP3 kan daskare, ba ya kunnuwa ba ya nuna caji. A nemi ɗan ƙaramin rami da aka rubuta Reset kusa da shi, a danna ciki da tsinke. In babu, a cire batir na minti ɗaya a mayar.

7. Sai batir. A cire shi a duba. Ƙarafunan nan masu ruwan zinare da ke kansa, in sun yi datti ko tsatsa, a goge da busasshen tsumma. A duba ko ƙusoshin da ke taɓa su a cikin rediyo sun lanƙwashe. In batirin na motsi a gurbinsa, a ninke 'yar takarda a tokare shi ta baya. Dogon batir kuma a tabbatar kan da ke da alamar + yana inda aka sa +. In akwai maƙwabci mai batir irin naku, a ara a gwada na minti biyar. In rediyo ya tashi da nasa, batir kawai za ku saya.

In an bi duk bakwai ɗin bai tashi ba, ko bakin caji na girgiza kamar haƙorin da zai fita, lokacin mai gyara ya yi.

In da sola kuke caji

Wasu daga cikin fitilun sola da ake rabawa cikin kayan agaji suna da bakin USB, kuma gidaje da yawa da su suka dogara. Yawan kukan da ake yi cewa sola ba ta caji daga abu uku yake fitowa.

Na farko ƙura. Farantin da ƙura ta rufe ba ya ganin rana sosai. A lokacin hunturu a goge shi kowace safiya da tsumma mai laushi. In da datti mai manne, a ɗan jiƙa tsumman, a goge tun farantin bai yi zafi ba.

Na biyu inuwa da fuskantar rana. Inuwar reshe ko ta igiyar shanya da ta faɗa a gefe ɗaya na iya rage wutar farantin gaba ɗaya. Rana ta fi ƙarfi daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma. Daga Oktoba zuwa Fabrairu takan karkata kudu a wannan yankin, saboda haka a jingina farantin yana duban kudu. A tsakiyar shekara tana bi ta saman kai, sai a kwantar da shi kusan a shimfiɗe. Ga dabara mai sauƙi: a tsayar da guntun kara a kan fuskar farantin, a juya farantin har inuwar karan ta gajarce ƙwarai. A nan ya fi shan rana.

Na uku ƙanƙantar farantin. A bayansa akwai lamba da harafin W. Faranti mai 3W, ko a rana tsaka, abin da zai iya bayarwa bai wuce 0.6A ba, kuma sau da yawa ba ya kai haka. Zai cika ƙaramin rediyo cikin 'yan awoyi, amma babbar waya mai batir 5,000 za ta wuni ba ta cika ba. Idan aka rataya masa abu biyu ko uku lokaci guda, babu wanda zai ƙoshi.

Da damina kuma, idan gajimare ya gifta wuta kan ragu, wasu wayoyin su daina caji, ba sa komawa sai an zare igiya an mayar. Abin da ya fi shi ne a bar faranti ya cika fitila ko fawa bank da rana, da yamma a ɗebi wutar zuwa rediyo. Ku sani dai ana asarar wani kaso a hanya. Fawa bank da aka rubuta wa 10,000, abin da ke isa ga waya yakan tsaya wajen kashi biyu cikin uku.

Kada a shanye wutar fitila duka a caji. Hasken da mace ko yaro zai riƙe zuwa bayan gida da dare ya fi waƙa muhimmanci. A ware na fitila tukuna.

Zafi ne ke kashe batir

A watannin Maris da Afrilu zafi a yankin Bawku kan wuce digiri 40. Batirin da ke cikin waɗannan na'urori ba a so a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45. Cikin tanti ko ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana ya fi waje zafi, kuma caji kansa na ƙara ɗumama batir. Shi ya sa batirin da ya kamata ya yi shekara biyu yakan gaji cikin watanni.

Faranti ne ke son rana. Rediyo da waya da fawa bank inuwa suke so. In igiya gajera ce, a kifa kwando ko ƙwarya a kansu yadda iska za ta shiga, ko a sa su ƙarƙashin benci. Kada a sa su a leda a ɗaure, kada a ɗora su kan kwano ko kusa da murhu. In wutar bango ce, caji da sassafe ko da yamma ya fi. In kun taɓa kun ji ya yi zafi sosai, ku cire shi ya huce.

Akwai wasu maganganu da ke yawo waɗanda ya kamata a gyara. Ana cewa sai batir ya ƙare ƙaf kafin a sa caji, ko sabon abu sai ya kwana a wuta. Wannan ya samo asali ne daga wani tsohon nau'in batir da ake amfani da shi a da. Irin na yanzu, mai sinadarin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ya fi daɗewa idan ana ƙara masa caji tun bai ƙare ba. Barinsa babu caji na tsawon lokaci shi ke kashe shi. In za ku ajiye rediyo ku yi tafiya, ku bar shi da kamar rabin caji, a kashe, a wuri mai sanyi. Shanya batir a rana don ya farfaɗo, ko ɗumama shi a bakin wuta, ko cizonsa, duk haɗari ne.

Batirin tocila na yau da kullum, irin su Tiger Head, ba a yi shi don caji ba. In ya ƙare ya ƙare. Sa shi a caji na iya sa ya fashe ko ya zubar da ruwa mai cin fata.

Ko da an kula da shi, batir na tsufa. Bayan an cika shi an shanye sau ɗaruruwa, yawanci tsakanin 300 da 500, zai fara riƙe caji kaɗan. In kuna so caji ya daɗe, ku rage ƙarar murya, ku yi amfani da abin sawa a kunne in mutum ɗaya ke saurare, ku kashe Bluetooth da fitilun ado masu walƙiya.

Alamun da ba a jira

Idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku cire caji nan take:

Batir ya kumbura, ko murfin rediyo ya ɗago da kansa.
Wari mai kama da na man goge farce ko na roba mai ƙuna.
Ruwa na tsatsafowa daga batir.
Zafin da hannu ba ya jurewa, ko ƙara kamar huci.

Kumburarren batir ba ya gyaruwa. Kada a danne shi don ya koma, kada a huda shi don iska ta fita. Yana iya kamawa da wuta mai tsananin zafi cikin daƙiƙoƙi, kuma inda ɗakuna ke kusa da juna, ga tabarmi ga gidan sauro ga rufin ciyawa ko leda, gobara ɗaya ta isa ta shafi maƙwabta da yawa. A cire shi a hankali, a sa shi cikin gwangwani mai busasshen yashi, a ajiye a waje cikin inuwa inda yara ba sa kaiwa, sannan a sanar da ma'aikatan matsuguni ko a kai wa mai gyara.

In ya riga ya fara hayaƙi, kada a ɗauka da hannu. A fitar da yara tukuna, domin hayaƙin guba ne. A kashe makunnin soket in za a iya kaiwa gare shi lafiya. A zuba yashi ko ƙasa mai yawa. Kada a watsa ruwa kan abin da ke haɗe da wutar lantarki. In wuta ta kama ɗaki, a yi kururuwa a kira maƙwabta, a buga 192 don 'yan kwana-kwana na Ghana, ko 112 na gaggawa. Kiran kyauta ne.

Rigakafi ya fi magani. Kada a yi caji a kan katifa, ko ƙarƙashin matashin kai, ko cikin gidan sauro. A ɗora abin a kan ƙasa tsandauri, ko bulo, ko faranti. Kada a bar shi a wuta a fita, kada a kwana da shi a caji kusa da kan yaro.

Damina da ɗaukewar wuta

Idan rediyo ya faɗa ruwa ko ruwan sama ya dake shi, kada a kunna shi don a ga ko yana aiki, kada kuma a sa shi a caji. Wuta da ruwa in suka haɗu a ciki su ke ƙona shi. A kashe shi, a cire batir da katin memori, a goge, a ajiye shi a buɗe a inuwa inda iska ke kaɗawa, kwana 2 zuwa 3. Binne shi cikin shinkafa ba ya ƙara komai, sai ma garinta ya shiga ciki.

Idan hadari ya taso da tsawa, a zare caja daga bango. Haka in an ɗauke wuta, abin da mutanen Ghana ke kira dumsor. Lokacin da wutar NEDCo ta dawo takan zo da ƙarfi na ɗan lokaci, kuma ƙananan caja masu araha ba sa jurewa. A jira 'yan mintoci bayan ta dawo kafin a mayar. In janareta ne, a bari ya tashi ya daidaita kafin a sa caja, a kuma zare kafin a kashe shi. Kada a taɓa caja da jiƙaƙƙen hannu.

Wurin mai caji da wurin mai gyara

Rediyo ana iya sayen wani. Abin da ke cikin katin memori in ya ɓace ba a samun madadinsa. Kafin ku miƙa rediyo ko waya ga mai shagon caji ko mai gyara, ku kashe shi ku zare katin, ku naɗe shi a takarda ku ajiye tare da takardunku na rajista. Wannan na kare ku daga ɓata, da gogewa bisa kuskure, da kuma wani ya kwafi hotuna ko saƙonnin iyalinku. In katin na ɗauke da muryoyin 'yan uwa ko hotunan takardu, ku nemi wanda kuka amince da shi ya kwafa muku a kati na biyu, a ajiye shi daban.

Ku sa alama a jikin batirinku da cajarku, ko da ɗigon fenti ne ko zare mai launi, don kada a musanya muku da tsoho. A shagon caji ku karɓi lamba ko shaida. Wurin mai gyara ku faɗa masa abin da kuka riga kuka gwada, ku yi ciniki kafin ya buɗe, in da hali a yi aikin a gabanku, kuma ku karɓi abin da aka cire. Ku gwada caji a shagon kafin ku biya.

In wurin caji na da nisa, a kai da rana. Kada a aiki yara ƙanana ko 'yan mata su kaɗai da dare.

In sayen ya zama dole

Ku tafi kasuwa da rediyon a hannu, ku sa mai kaya ya gwada a gabanku. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Igiya gajera mai kauri ta fi doguwa siririya kawo wuta. Kan caja da ya yi sakayau kamar babu komai a ciki, ko rubutunsa ke gogewa da yatsa, a bar shi. Batir 18650 na gaskiya ba ya wuce wajen 3,500, saboda haka wanda aka rubuta wa 6,800 ko 9,900 ƙarya ce, kuma sau da yawa irinsa ya fi kowanne rauni. Araha ba ta ado. Maƙwabta biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su sayi caja ɗaya mai kyau su riƙa karɓa-karɓa, ya fi kowa ya sayi wadda za ta mutu cikin wata guda.

Tsohon batir kada a jefa shi cikin wutar shara, ko masai, ko kusa da rijiya da wurin kiwo. A liƙe ƙarafunan kansa da salatif, a tara a gwangwani nesa da yara, a miƙa wa masu kula da tsafta.

In fitilar sola da aka ba ku ce ta daina aiki, kada ku ɓalle ta. Ku kai ƙorafi wurin ma'aikatan Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ghana ko na UNHCR, ko ku faɗa wa shugaban unguwarku. Taimakon waɗannan hukumomi kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wata alfarma a madadinsa, ku kai rahotonsa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan bayani, musamman dattawan da rediyo ne abokin hirarsu.